Gidan Kunama Cikin Curin Gabu

Arlit, watan Safar

Zuwa ga Gwaggo Hansai, Garin Gwanki, ƙasar Adar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kina lafiya, da ƙafar nan taki mai ciwo, da Baffa Zayyadu da sauran mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Matata Lalla tana gaishe ki. Cikinta ya fito, ungozoma ta ce haihuwa sai tsakiyar sanyi in Allah ya kai mu.

Labarin aiki kin riga kin ji. Kamfani ya ce yuraniyom ya faɗi a kasuwar Turawa, aka sallame mu, mu da yawa. Shekarun da na yi ina yi musu walda sun ƙare da musabaha a bakin ƙofa. Ban zauna ba, na kafa rumfa bayan tasha ina gyaran amalanke da ƙofofi, ana samun na tuwo. Ruwa bai sauka ba bana ma, rijiyar lambun surukina ta kafe ƙaf. Ga 'yan tawaye a duwatsu, ga soji a gari, mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiya.

Gwaggo, abin da ya sa na rubuto shi ne ina so ki ba ni gidan kunamar Baba. Zan haɗa bindigata ta fari. Na samu bututu, surukina ya ba ni icen aduwa busasshe na gindi. Saura ƙarfen tsakiya, wanda kunama ke zaune cikinsa, mai riƙe bututu da gindi wuri guda. Shi ne bindiga, sauran duk 'yan rakiya ne. Ke kika koya mini tun ina yaro cewa a gidanmu na mahalba, in mutum ya rasu ana karya icen bindigarsa, a ba maƙeri bututun ya yi fartanya, amma gidan kunama babbar mace ta gida ake ba ajiya, har ɗansa ya isa haɗa tasa. Ke kuma kika ce ɗan da ubansa bai halba masa bindiga da safen suna ba, ba a lissafa shi cikin mahalba. To, ga suna na tafe.

Kada ki ɗauka yaƙi zan je. Bindigar toka ce ta wasa, irin wadda muke halbin gwangwani da ita bayan gari ran Juma'a kafin duniya ta rikice, sai in an dace da zabon daji. Ki ba Zubairu mai motar albasa, shi ne ya kawo miki wannan.

Ɗanki, Nomau Almustafa.


Garin Gwanki, watan Maulidi

Zuwa ga ɗana Nomau.

Wa alaikumus salam. Malam Fatahu ke rubutawa, ni ke faɗi, kuma na gaya mai kada ya gyara mini magana. Lafiyata lau, ƙafa tana nan tana mulkinta. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe, maza sun fara fita cin rani tun ba a yi zancen girbi ba. Ka gaida matarka.

Da anka karanta mini takardarka na ce a sake, don na zaci kunnena ne. Bindiga, Nomau? A Arlit, kuma bana? Ko zafin walda ne ya taɓa maka kai? Zubairu ya ce a shingen soji ko buhun albasa sai an soka mai ƙarfe an ji abin da ke ciki. Ya ce wanda anka gani da wuƙa mai ɗan tsawo ma sai ya yi bayani. Kai kuma kana zaune kana sassaƙa gindin bindiga kana ce mini wasa ne. Wa zai tsaya ya tambaye ka ko wasa ne?

Ƙarfen ubanka yana cikin tukunya ƙarƙashin gadona, ina shafa mai man shanu kowace damina, kuma nan zai ci gaba da kwana. Ba ni badawa. Baffanka Zayyadu ma ya ji zancen, ya faɗi wasu maganganu kan gidan surukanka da ba zan sa Malam ya ɓata tawada kansu ba.

Ni dai roƙona guda ne in na kai goshi ƙasa: Allah ya sa mace matarka za ta haifa, kowa ya huta.

Gwaggonka, Hansai.


Arlit, ƙarshen watan Maulidi

Zuwa ga Gwaggo Hansai.

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, ko da zuciya ba daɗi. Lafiyarmu lau. Lalla ƙafafunta sun ɗan kumbura, an ce ta rage gishiri.

Na karanta takardarki, na tsaya kan layin ƙarshe na daɗe. Ban karanta wa Lalla shi ba, na tsallake, na ce mata kin gaishe ta. Ashe har ke, Gwaggo? Da Baffa ne ya faɗa da ban damu ba, shi tun ranar da na auri Buzuwa ya shafe ni daga bakinsa, ko ɗaurin aure bai turo kowa ba. Amma ke ki tsaya gaban Allah ki roƙa kada matata ta haifi namiji, don kada ɗanta ya shiga layinmu! Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Kin san abin da yarinyar nan ke gani a garin nan? In ta je famfo, matan da muka zo tare daga kudu sai su yi shiru, wata ta ce ga 'yar tawaye. Kwanan baya an kwashi maza a unguwarmu, har da ubanta, tsoho mai noman tumatir, ba don komai ba sai rawanin da ke kansa. Da aka sako shi, ya ɗauki garmarsa ya koma lambun da ba ruwa. A waje ana ce mata ba 'yar ƙasa ba ce, a gida kuma ana addu'a kada ɗanta ya zama ɗan gida. To ni ban yarda ba. Ɗan nan jikan Almustafa ne, kuma sai unguwa ta ji haka da kunnenta.

Tunda kin hana, ga inda nake. Na gwada ƙera gidan kunama da tarkacen ƙarfe, ya fito a karkace kamar bakin tsohon raƙumi, ni kaina ba zan kara shi a kafaɗata ba. Sai ga wani direba mai bin hanyar daji ya kawo mini na bindigar yaƙi, ya ce a rairayi ya tsince shi bayan wata arangama. Baƙi ne sumul, ba nauyi, aikin inji, ko tsatsa babu. Da ɗan dabara zan sa ya zauna kan icena. Na ajiye shi cikin akwatin kayan aiki ina jiran amsarki. Na fi son na Baba, Allah ya sani. Amma da naki ko ba naki, za a ji ƙara ran suna.

Nomau.


Arlit, watan Jimada

Gwaggo, ina gaisuwa, muna lafiya.

Ayarin motoci ya shigo, wani ma ya sake shigowa, ba Zubairu, ba takarda. Na tsaya a tasha har aka sauke buhu na ƙarshe. Na ɗauki shirunki a matsayin amsa. Na fito da baƙin ƙarfen na fara auna shi da ice. Lalla ta gan shi ta ce ba ta son shi cikin gida, sai na mai da shi rumfa. Wannan takarda wani ɗan Tawa zai kawo, ban sani ba ko za ta iso.

Nomau.


Garin Gwanki, farkon watan bayan Maulidi

Zuwa ga Nomau, ɗan ƙanena, mai kunnen ƙashi.

Lafiyata lau, ko da takardarka ta so ta kwantar da ni. Malam, rubuta wawa. Ya ce bai dace ba, na ce rubuta, ni na yi mai wankan jarirai.

Wawa! Ni zan roƙi Allah ya hana matarka abin alheri? Ina ruwana da Buzuwa ce ko Bafillata? Baffanka ke wannan lissafi, shi da bai taɓa wuce kasuwar Tawa ba. Na roƙi mace ne don ba a halba wa ɗiya mace bindiga. In mace ce, ba ƙara, ba wanda zai zo ya ja ka ƙeya gaba, ka zauna ka ci tuwon suna da iyalinka. Ranka nake roƙo, kai kuma ka karanta ƙiyayya.

Ni na san wannan al'ada fiye da kowa, don a kaina ta fara. Ni ce ta fari wurin kakanka. Ran sunana bindiga na rataye a bango, anka yanka rago shiru, anka watse. Da anka haifi ubanka, inna ta ce ƙarar da kakanka ya yi sai da jakuna sunka tsinke igiya. Na girma ina jin labarin ƙarar ubanka a bakin kowa. Daga baya ni ɗin da ba a halba wa ba, ni anka miƙa wa ƙarfen in yi ta shafa mai. Ya yi mini ciwo ina yarinya, ban ƙi faɗi ba. Amma ga ni, ban mutu ba.

Yanzu zancen baƙin ƙarfen nan. Ka fitar da shi daga inda kake tun kafin ka gama karanta wannan. Ƙarfen da ya ci mutum ba ya shiga hannun mahalbin gidanmu. Kakanninka nama sunka halba, sai sun yi bisimilla, kuma ba su halbin mai ciki. Wannan da ka tsinta ba ka san uwar wa ya sa kuka ba, kuma da shi za ka yi wa jaririnka maraba? Sumul ɗinsa ya ci kansa.

Ka ci nasara, ɗan banza. Tunda na ga sai ka yi, gara ka yi da na ubanka. Cikin buhun da Zubairu zai ba ka akwai curin gabu, busasshen ganyen albasa na miya. Wanda ya fi sauran girma, ka fasa shi a ɗaka. Da hannuna na cura shi, na shanya a kan rumbu, ba wanda zai soki gabu ya nemi wani abu.

Amma da sharaɗi. In mace ce, ka rataye abinka ka yi shiru kamar yadda kakanka ya yi. In namiji ne, albarushi zalla, ba dalma, baki sama. Zubairu ya ce kamfaninku na fasa dutse da nakiya har ƙasa ta girgiza, to ka jira lokacin, ka saki taka cikin tasu, ba mai rarrabewa. Kuma kada ka manta bindiga ma jego take yi. Da ka halba, tun ba a feɗe rago ba, ka kwance gidan kunama ka miƙa wa mai jego ta sa ƙarƙashin shimfiɗarta, ba ya komawa jikin ice sai ta yi arba'in. Haka munka tarar.

Ka ce wa Lalla ta riƙa ɗora ƙafafunta kan matashi.

Hansai.


Arlit, watan Jimada na biyu

Zuwa ga Gwaggo Hansai.

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sanyi ya fara shigowa. Zubairu ya iso jiya da hantsi, ya rame kamar an wanke shi. Motarsa ce ta mutu kafin Agadas, ayari ya wuce ya bar shi, ya yi ta zaman jiran ƙarfen gyara da wani ayarin. Takardarki na aljihunsa duk wannan lokaci, ni kuwa ina nan ina hura hanci. Wadda na aiko ta hannun ɗan Tawa, in ta iso, ki sa Malam Fatahu ya kunna wuta da ita. Na karɓi wawa, na kuma ƙara wa kaina wani.

Na fasa gabun a ɗaka. Gwaggo, da na ga ƙarfen nan sai da na zauna. Ga gurbin da babban yatsan Baba ya cinye a gefe, na sa nawa ya shiga daidai. Yana da nauyi, yana warin albasa da man shanu, kuma kusa da baƙin nan kamar tsoho ne kusa da ɗan birni. Lalla ta ɗauka ta juya shi ta ce da Hausarta ta Buzaye, "Wannan shi ne Gwaggo ya aiko? Wannan yana da mutunci, shi zai kwana gida." Na karanta mata takardarki duka, har da layin da na tsallake a takardarki ta farko. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in gaya miki ita ma mace take roƙo.

Baƙin ƙarfen na jefa shi tsohuwar rijiyar lambu, surukina ya tura ƙasa a kai. Icen da na fara sassaƙawa dominsa ya lalace, na sake wani. Na Baba bai yarda da gaggawa ba, sai na bi shi a hankali, in kankare ice in gwada, in sake kankarewa. Yanzu ya zauna daram. Na rataye bindigar bayan ƙyauren ɗaki na rufa mata tsohon bargo.

Sharuɗɗanki na ji su.

Ɗanki, Nomau.


Arlit, watan Sha'aban

Zuwa ga Gwaggo Hansai.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, dalilin na ƙasa. Albishirinki: Lalla ta sauka lafiya cikin Rajab. Addu'arku ta ci, ke da ita. Mace ce, jajir, mai gashi, ga murya kamar ta mai tallan fura.

Na ce miki na ji sharuɗɗanki, ban ce na ɗauka ba. Tun da aka miƙo mini yarinyar nan maganarki ke yawo a kaina, bindiga rataye a bango, a yanka rago shiru a watse. Na dube ta na ce wannan ma haka za ta girma, a waje 'yar tawaye, a gida ba a lissafa ta? Na gaya wa Lalla abin da na ƙudura. Sai ta ce, "In za ka yi, kada ka ɓoye cikin nakiya. Ɗiyana ba sata ba ne."

Da safen suna mutane suka cika ƙofar gida, 'yan kudu gefe guda, dangin Lalla gefe guda, kowa na kallon tabarmarsa. Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha. Na shiga na yaye bargo na fito da bindigar. Wani maƙwabcina ya kama mini riga yana cewa, "Nomau, ka haukace? Mace ce fa!" Na ce na sani, ni na haife ta. Na tsaya tsakiyar fili, rana ta fito sarai, garin tsit, kamfani bai fasa komai ba ranar. Na yi bisimilla na ɗaga baki sama.

Gwaggo, ƙarfen Baba bai manta aikinsa ba. Tattabarun unguwa duka suka tashi, hayaƙi ya rufe ni, kunnena ya toshe. Da ya buɗe sai na ji guɗa daga cikin gida, ta matan Buzaye da ta matan Adar a haɗe, har da waɗanda ke shiru a famfo. Surukina, wanda ban ji muryarsa sosai ba tun da aka sako shi, ya taso ya kama hannuna da hannu biyu.

Ban tsaya ba, na kwance gidan kunama yana da ɗumi na miƙa ta labule, Lalla ta tura ƙarƙashin shimfiɗa ta kwantar da jaririya a kai. Ba a gama feɗe rago ba mota ta tsaya. Masu kaki suka ce ina bindiga, na miƙa musu bututu da ice. Babbansu ya juya su ya ce ina sauran, na ce abin da ke hannuna ke nan. Ya leƙa ɗakin mai jego, ya ga tsofaffin mata cike suna kallonsa, ba wadda ta matsa, sai ya saki labulen.

Sun tafi da ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Na sha tambaya, na sha mari, na kwana kan siminti cikin sanyin nan har na daina lissafi. Tambayarsu guda, wa na yi wa alama da wannan halbi. Amsata guda, ɗiyata na yi wa, jikar mahalba ce. Liman da dattawan unguwa suka yi ta zarya har aka gaji aka sako ni. Bututu da ice sun tafi ke nan, haƙarƙarina na dama kuma yana gaishe ki. Ban yi nadama ba ko ta ƙwayar gero.

Sunan yarinya Hansai. Bindigar toka sau ɗaya take tashi, ba ta da na biyu, don haka halbin guda ne. Ku raba ke da takwararki. Naki ya yi latti, amma an yi shi da rana tsaka kowa ya ji.

Lalla ta kusa arba'in. In ta gama zan cura ƙarfen cikin wani abu in ba Zubairu ya maido miki, tunda ba ni da icen da zan mai da shi.

Ɗanki, Nomau.


Garin Gwanki, watan Azumi

Zuwa ga Nomau.

Muna lafiya, muna shan ruwa da abin da ya samu. Ka shafa man shanu mai ɗumi a haƙarƙarin, ka daina ɗaga ƙarfe mai nauyi.

Ban taɓa ganin ɗa marar jin magana irinka ba, ubanka ma bai kai ka ba. Da sun kashe ka fa? Na faɗi wannan, na sauke nauyi.

Baffanka Zayyadu ya zo har ƙofar ɗakina ya ce halbin bai halatta ba, ba a taɓa yi wa mace ba, ba za a lissafa ta ba. Na ce mai ya tafi Arlit ya maida ƙarar cikin bututu in ya iya. Ya fita yana ta faɗa shi kaɗai.

Wurin nan na rabo, na sa Malam Fatahu ya maimaita mini shi. Sai ya tsaya ya ce ko in sha iska tukuna, na ce hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido, ya ci gaba da aikinsa. Furfura ta gama cin kaina, haƙorana sun zube, sannan anka halba mini bindiga. Na karɓi rabona.

Kada ka ba Zubairu komai. Na gaji da shafa mai, tukunyar ma na zuba daddawa ciki. Ƙarfen ya zauna wurin Lalla, ita ce mai ajiya yanzu, ka gaya mata man shanu yake so kowace damina, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. In takwarata ta yi wayo a ba ta labarin, kuma a faɗa mata da ƙarfi.

Gwaggonka, Hansai babba.